Bangi: Tsohuwar Peugeot da ke kwance a ƙofar gida, a tayar da ita ko a sayar wa ƴan gwangwan?

A garuruwa da ƙauyukan ƙaramar hukumar Bangi, cikin gundumar Madawa ta jahar Tawa, ba abin mamaki ba ne mutum ya ga tsohuwar mota kwance a gindin bedi ko a bayan katanga. Tayoyi sun nutse cikin rairayi, kaji na ƙwai ƙarƙashin kujera, awaki na shan inuwa a gefenta. Da yawa daga cikinsu Peugeot ne, 404 ko 504, waɗanda jama'a ke kira Fijo. Haka abin yake a Buza da Keita.

An daɗe ba wanda ya kula da su. Yanzu kuwa mutum biyu ne ke zagayen irin wannan mota. Na farko mai sayen tsofaffin ƙarafa ne, ɗan gwangwan, wanda zai yi mata kuɗi da kilo, ya yanka ta da wuta, a loda ta zuwa inda ake narka ƙarfe. Na biyu ɗan gidan ne, wanda ya ga kuɗin mota ƴar Kwatano ya fi ƙarfinsa, ya soma tunanin ko motar mahaifinsa za ta sake tashi ta yi jigilar albasa daga kwarin Tarka ko ta kai mutane kasuwa. Tunanin nasa yana da dalili. Tun da aka rufe iyakar Nijar da Benin bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, hanyar da aka saba shigo da motocin hannu daga tashar jiragen ruwan Kwatano ta toshe, kaya suka koma zagayowa ta Lome da Burkina Faso, kuma kowane zagaye kuɗi ne.

Amsar a taƙaice ita ce, wasu daga cikin motocin nan suna tashi, kuma ana iya yin mafi yawan aikin a tsakar gida tare da makanike ɗaya da ya san su. Amma akwai abin da ake fara dubawa da abin da ake bari sai ƙarshe. Wanda ya juya wannan tsari, kuɗin albasar shekara guda zai zuba cikin ƙarfen da ba zai motsa ba, ko kuma, abin da ya fi muni, ya fito da mota mai sheƙin fenti marar birki ya cika ta da mutane.

Ta ina suka shigo?

Kamfanin Peugeot na Faransa ya fitar da 404 a 1960, sannan 504 a 1968, wadda aka zaɓa motar shekara ta Turai a 1969. Mai buɗaɗɗen baya, wadda a Nijar ake ce wa bashe saboda tamfol ɗin da ake rufa mata, a Najeriya kuma akori-kura, ta fito a 1967 a ɓangaren 404, ta 504 kuma a 1979. Sunan da suka yi a Afirka ba talla ce ta ba su shi ba: 404 ta lashe tseren Safari na gabashin Afirka a 1963, 1966, 1967 da 1968, 504 kuma ta lashe shi a 1975.

Hanya uku suka bi zuwa ƙasar Adar da Gobir. Wasu sababbi aka sayo wa ma'aikatun gwamnati da kamfanoni a shekarun da yuraniyom ke da daraja, da zamanin manyan proje irin na Keita da ya soma a 1984, daga baya aka yi gwanjonsu. Wasu ta hamada suka zo. A shekarun 1970 da 1980 matasan Turawa kan sayi tsohuwar Peugeot da araha, su tsallaka teku zuwa Aljeriya, su bi ta Tamanrasset, In Gezzam, Assamaka, Arlit da Agadas, su sayar da ita a Nijar ko a ƙasashen gaba, kuɗin ya biya musu jirgin komawa gida. Wannan ciniki ya mutu a farkon shekarun 1990, da rikicin Aljeriya da tawayen arewacin Nijar.

Hanya ta uku ita ce Kaduna, kuma ita ta fi shafar Bangi da ke bakin iyakar jihar Sakkwato. Masana'antar PAN ta soma haɗa motocin Peugeot a can a 1975, ta ci gaba da fitar da 504 har tsakiyar shekarun 2000, alhali Faransa ta daina ƙera salon ɗinta tun 1983. Da yake Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama tun 1972, sitiyarin ƴar Kaduna a hagu yake kamar na Nijar. Amfanin wannan tarihi ga mai gyara shi ne, kayan 504 sun fi na 404 samuwa nesa ba kusa ba. Wanda ke da zaɓi tsakanin biyun, 504 ta fi sauƙin riƙo.

Takarda kafin sifana

Kuskuren da aka fi yi shi ne a fara da inji, don kowa na ɗokin jin ƙarar motar. Aikin farko ba na makanike ba ne.

Idan mai motar ya rasu, motar gado ce, ta dukkan magada, maza da mata. Tana kwance ba wanda ke tunawa da ita. Ranar da ta fara shigo da kuɗin kasuwa kowa zai tuna rabonsa. Abin da ya fi shi ne a yi mata kuɗi yadda take, a gaban shaidu, wanda zai gyara ya biya sauran ko a rubuta yadda za a raba, kafin ya kashe ko dala. In ba haka ba, wanda ya sa jarinsa zai iya samun kansa a fada ko gaban alƙali yana ƙoƙarin nuna cewa injin nasa ne, jikin motar kuwa na kowa.

Sai a nemo takardar mallaka, kart giris, a gwada lambar da ke cikinta da wadda aka buga a jikin shasi. Idan ba su zo ɗaya ba, ko an ga alamar an goge lambar an sake bugawa, a dakata. Motar da ta shigo daga Najeriya ba ta bi ta duwan ba ita ma sai an daidaita takardunta, kuma gara a je a tambayi kuɗin tun da wuri, don wani lokaci ya kan fi kuɗin motar kanta. Inshora, binyet da bizit teknik suna jira a gaba. Motar da ba ta da waɗannan, iyakarta hanyoyin daji, kuma ranar da aka yi hatsari babu mai biyan diyya sai aljihun mai ita.

Ƙashin baya ke yanke hukunci

Bayan takarda, a janyo motar daga inda take, a ɗora ta bisa kututturan icce masu ƙarfi a wuri mai tauri. Jak a kan rairayi ba abin dogaro ba ne, kuma ba a shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita.

Salon da famiyal na 404 da 504 ba su da shasi na daban irin na babbar mota. Gangar jikin ce ke ɗauke da komai. Saboda haka tsatsa a wurinsu ba maganar kyau ba ce, maganar ƙarfi ce. A duba ƙasan kujeru, ƙasan ƙofofi, dogayen ƙarafan da inji ke zaune a kai, da inda kan shokan gaba ke maƙale a ƙarƙashin bonet. A bashe kuma a duba mahaɗar gidan direba da baya, da wurin da sifirin ke ɗaure, don nan ne lodi ke karya ta. Sukuddireba a hannu ya fi ido: inda ya huda, wurin ya mutu.

Yanayin Adar na da kirki ga ƙarfe. Busasshiyar iska ba ta cin sa kamar damshin bakin teku, shi ya sa ake samun motar da ta shekara 40 jikinta garau. Sai dai akwai abu biyu da ke ɓata wannan. Waɗanda suka zo ta hamada sun riga sun sha gishirin da ake watsa wa titunan Turai lokacin sanyi, tsatsar na ɓoye ƙarƙashin fenti tun kafin su iso. Na biyu kuwa na gida ne: fitsari da kashin dabbobin da suka mai da motar garke suna cin ƙasanta fiye da ruwan damina.

Ƙaramin rami mai walda zai cike shi. Amma idan shasi ya karkace, ko an taɓa karyewa an yi masa ɗori a kan ɗori, motar ba za ta ƙara tafiya daidai ba, za ta riƙa cin taya tana ja gefe guda. A nan ya kamata a tsaya. Duk sauran abubuwa ana sayensu a kasuwa, wannan ne kaɗai ba a saye. Kuma in za a yi walda, a cire batir da tankin mai gaba ɗaya. Tankin da aka zazzage ya fi cikakke haɗari, domin tururin man da ya rage ne ke fashewa.

Injin da aka ƙera don a kwance shi

Abin da ya sa waɗannan motoci suka daɗe shi ne injinsu na esansi, mai silinda huɗu: cc 1618 a 404, cc 1796 ko 1971 a 504. Babu kwamfuta a ciki, babu na'urar da sai an kai Yamai a jona. Karburato ne, da delko, da buji huɗu. Mafi muhimmanci, fistan ba a jikin injin kansa yake gudu ba, a cikin wani bututun ƙarfe ne da ake zarewa, wanda makanikai ke kira shemiz. Idan ya cinye, sai a sayo sabon shemiz da fistan da zobbansa a zura, ba sai an ɗauki injin zuwa wurin masu injin gurza a Maraɗi ko Kano ba. Wannan shi ne sirrin da ya sa ake iya sabunta injin 504 a inuwar zaure.

Irin wannan ƙira tana da tarkonta. Da zarar an ɗage kan injin, wato kilas, dole a danne shemiz ɗin da ƙarfe da noti kafin a juya inji. In aka juya haka nan, fistan zai ɗago su, abin da ke toshe ruwa a gindinsu ya lalace, daga baya ruwa ya gauraya da mai. Yaran gareji da suka koyi aiki a kan Toyota ba lallai su san wannan ba. Shi ya sa ya kamata a nemi dattijon makanike da ya yi zamani da Fijo, ko da ba zai riƙe sifana ba, ya zauna kusa yana kallo. Akwai kuma littattafan Revue Technique Automobile da Faransawa ke bugawa, ɗaya ga kowace irin mota, masu nuna ƙarfin da za a ɗaure kowane noti da tsarin da za a bi. Da Faransanci suke. Ɗan koleji a gida zai iya karanta wa makanike.

Injin da ya shekara da shekaru a kwance ba a tura shi a tayar da ƙarfi. A cire buji, a zuba ɗan man inji cikin kowane rami, a bar shi kwanaki, sannan a gwada juya shi da hannu. A zubar da tsohon esansi, a wanke tanki da karburato. Duk wata roba, daga tiyon ruwa zuwa na mai zuwa bel, a ɗauka ta mutu, rana ta riga ta gama da ita. Wayoyin wuta kuma ɓeraye sun fi kowa sanin halin da suke ciki.

Ruwa ne ya kashe injunan 504 da yawa a wannan yanki. Jikin injin baƙin ƙarfe ne, kansa kuma alminiyam, kuma alminiyam ba ya jure zafin da ya wuce kima: ya kan lanƙwashe, jwan kilas ya ƙone. Ƙasar Adar kuwa ƙasar farar ƙasa ce, irin dutsen da ake yin siminti da shi a Malbaza, ruwan rijiyoyi da yawa na barin farin ɓawo a cikin buta. Abin da yake yi wa buta shi yake yi wa radiyata. A kai ta a buɗe a wanke, a riƙa zuba ruwan sanyaya inji na kanti, in babu a tari ruwan sama a tace. Kuma a gyara agogon zafi na gaban direba. A watan Afrilu da Mayu, mota cike da kaya a cikin rairayi, wannan ƴar allura ita ce ke tsakanin direba da sayen sabon kilas.

Masu 404 suna da nasu gargaɗin. Da yawa daga cikinsu, musamman salon, haƙoran aksil ɗin baya na tagulla ne, kuma man giya na yau da kullum na iya cinye su. A tambayi wanda ya sani kafin a zuba.

Wasu kan yanke wahala su dasa injin Toyota. Yana aiki, kuma ga mai neman abinci ba abin kunya ba ne. Amma ya kan jawo yanke-yanke da walda a mazaunin inji, sannan abin da ke rubuce a kart giris ya daina dacewa da abin da ke ƙarƙashin bonet. Idan injin asali bai fashe ba, gyaransa ya fi tsabta.

Birki, taya da lodi

Nan ne ba a yin tsimi. A sake duk robobin birki da tiyonsa, a wanke bututun, a zuba sabon ruwan birki na gaske. Ruwan birki na tsotsar damshi yana lalacewa ko motar ba ta motsa ba, kuma in aka sa man inji ko wani mai a madadinsa, robobin za su kumbura birki ya tafi. Ƙurar da ke cikin tsohon gangan birki kada a hura ta da baki ko da iska: tsofaffin takalman birki na ɗauke da asbestos, wanda Faransa ta haramta tun 1997 saboda yana jawo cutar huhu da kansa. A jiƙa tsumma a goge.

Tayar gwanjo tana iya zama da zane mai kyau alhali ta tsufa. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu na ƙarshe bayan haruffan DOT: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. 2314 na nufin mako na 23 na shekarar 2014.

Bashe 504 an yi ta ne don ɗaukar tan ɗaya da ɗan ɗoriya. Babban buhun albasa kan haura kilo 100, ke nan buhu goma sun kusa cika ma'auni tun kafin yaron mota da fasinjoji su hau. Ƙara ganyen sifirin, kamar yadda aka saba, yana hana bayan motar zama ƙasa, amma bai ƙara wa birki ƙarfi ba, bai ƙara wa shasi kauri ba. Kuma a yankin Bangi lalacewar mota a hanya ba ɓata lokaci kaɗai ba ne. Ƴan bindigar da suka koro dubban ƴan gudun hijira daga jihar Sakkwato zuwa wannan ƙaramar hukuma tun ƙarshen 2021 ba su san iyaka ba, kuma babu direban da ke son magariba ta same shi a daji da bonet a buɗe.

Kowane ƙarfe suna biyu gare shi

Neman kaya na buƙatar harshe biyu. Abin da ake kira buji a Madawa, fulogi ne a Sakkwato. Radiyata lagireto ce, tolye fanel bita ne, bitas giya ce. Wanda bai san sunan can ba gara ya tafi da tsohon ƙarfen a hannu ko ya aika hotonsa ta WhatsApp, tare da shekarar motar, don 504 ta sha sauye-sauye a tsawon rayuwarta, kuma ƴar Kaduna ba a komai take daidai da ƴar Faransa ba.

Manyan wuraren neman kaya su ne Ƙofar Ruwa a Kano, Panteka a Kaduna da Katako a Yamai, ban da garejojin Ƙonni, Tawa da Maraɗi. Kasuwa ta karkata zuwa Najeriya tun Janairun 1994, lokacin da aka karya darajar sefa da rabi, kayan Faransa suka ninka kuɗi a dare ɗaya. Yau kaya iri uku ne a kasuwa: na asali da suka rage a tsofaffin shaguna, na hannu da aka ciro daga wata mota, da sababbin kwaikwayo masu kwali mai kyau. Ga fitila, ƙofa ko kujera, kowanne ya yi. Ga birki, sitiyari, famfon ruwa da jwan kilas, araha ba ta ado. Sau da yawa abin da ya fi riba shi ne a sayi wata matacciyar 504 sukutum a riƙa cirar kaya a jikinta.

Fenti da kujeru su ne na ƙarshe, bayan motar ta yi ƴan makonni tana tafiya ba kaya an ga ba ta zafi, ba ta zubar da mai, tana tsayawa in an taka.

Shin Turawa za su saya?

Ana yawan jin cewa tsofaffin Fijo na da tsada a Turai. Akwai ƙamshin gaskiya. A Faransa motar da ta kai shekara 30 na iya samun takardar motar tarihi, Peugeot na da gidan tarihi a Sochaux tun 1988, kuma ana baje kolin Rétromobile a Paris tun 1976. Amma abin da masu tarawa ke zuba wa kuɗi shi ne ƙirar ƙofa biyu da mai buɗaɗɗen sama, sai kuma motar da komai nata na asali ne, da takardunta cif. Bashen da ta shekara 30 tana dakon kasuwa, da injin wata motar da ƙofar wata, ba ita suke nema ba. Abin da sha'awar tasu ta amfana shi ne, ana sake ƙera wasu kayan 404 da 504 a can. Da yuro ake sayensu, kusan sefa 656 kowane ɗaya, ban da kuɗin aikowa.

Idan bincike ya nuna shasi ya mutu, har yanzu bai kamata a miƙa motar ga mai sikeli yadda take ba. Shi kuɗin ƙarfe zai biya, ba na kaya ba. Kilas da bai lanƙwashe ba, akwatin giya, aksil ɗin baya, karburato, fitilun gaba da agogunan gaban direba, kowanne na da mai nema a garejojin Madawa da Ƙonni. Gilashin gaba da bai tsage ba ma a cire shi a hankali a jingine cikin ɗaki, na 404 musamman, don yanzu a kan yi watanni ana cigiyarsa.